Zaɓar Lasifikar Falo da Girke Ta: Daga Shago Har Zuwa Kujerar da Kake Zama

Wani abokina ya taɓa kirana in zo in ga kayan sautin da ya sayo. A jikin kwalin an rubuta wat 3000 da manyan lambobi ja. Ya jera lasifiku biyar gaba ɗaya a kan teburin talabijin, kafaɗa da kafaɗa kamar sahu, ya cusa wufa, wato akwatin duma mai fitar da amon ƙasa mai kauri, a kusurwa bayan ƙofa. Da ya kunna, tagogi suka kama rawa, amma mai karanta labarai sai ka ce daga cikin randa yake magana. Na juya bayan na'urar na nuna masa ƙaramin rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ta shiga: wutar da take ja duka-duka wat 60 ce. Abin da ke shan wat 60 ba shi da inda zai samo 3000 ya ba ka. Ba mu canja komai a kayan ba ranar. Wurin zamansu kawai muka canja, kuma kafin la'asar falon ya zama wani abu daban.

Kafin ka je kasuwa, auna ɗakinka

Ɗauki tef ka auna tsawo da faɗin falon, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin inda kake zama da bangon talabijin. Wannan tazarar ita za ta gaya maka girman lasifikar da kake buƙata. In ba ta wuce mita biyu zuwa uku ba, ƙananan lasifiku biyu irin na ɗorawa kan kanta, masu faifai inci biyar ko shida da rabi, sun ishe ka. Dogayen nan masu tsayawa da ƙafarsu a ƙasa na babban falo ne. Ka sa su a ɗaki ƙafa 12 sau 12, duma za ta cika ɗakin har ta danne komai.

Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya yana da wata matsala tasa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai wani amo na ƙasa da ke kai-komo yana ƙara wa kansa ƙarfi. A ɗaki mai ƙafa 12, wato kimanin mita 3.7, wannan amon yana wajen 47 Hz (Hz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa; ƙaramar lamba amon ƙasa ce, babba amon sama). Da yake faɗin ma haka yake, sai amon ya ninku a wuri guda. Shi ya sa a irin ɗakunan nan wani bugun ganga yakan yi gurnani fiye da sauran, kuma in ka tashi daga kujera ka tsaya tsakiyar ɗaki sai ka ji dumar ta ragu sosai. Laifin ɗakin ne, ba na lasifikar ba.

Sai ka tsaya a tsakiyar falon ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji tafin ya bar wata 'yar ƙara tana bin bango, to falonka yana amsa amo. Yawancin gidajenmu na yanzu haka suke: tayil a ƙasa, bangon siminti, tagar gilashi, silin mai santsi. Duk abubuwa ne masu mayar da sauti. Kafet mai kauri a tsakanin lasifika da wurin zama, labule mai nauyi da kujerun kushin za su gyara maka fiye da abin da ƙarin kuɗi a kan lasifika zai gyara. Ka ware musu wani abu a cikin kasafinka tun yanzu.

Wace iri ce ta dace da kai

Lasifikun gida kashi biyu ne. Akwai mai amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, a cikinta, wadda za ka jona wa wuta kai tsaye, ka haɗa da waya ko talabijin, shi ke nan. Irin waɗanda Edifier ke yi misali ne. Akwai kuma wadda ba ta da wuta a jikinta, sai an haɗa ta da amfilifaya dabam, kamar yawancin na Wharfedale, KEF da Polk, a tuƙa su da amfilifayar Yamaha, Denon ko makamantansu. Ta farko ta fi sauƙin sha'ani. Ta biyu ta fi daɗewa a hannu, domin idan wuta ta ƙona amfilifaya lasifikun suna nan, kuma za ka iya canja ɗaya ka bar ɗaya. A inda wuta ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin dalili ba ne.

Lambobin nan 2.0, 2.1 da 5.1 ba wani sirri a cikinsu. Lambar farko yawan lasifiku ce, ta bayan ɗigo kuma yawan wufa, wato akwatin duma. A nawa ra'ayin, mai matsakaicin kuɗi ya sayi lasifiku biyu nagari ya fi masa biyar na roba. 5.1 ba ta da amfani sai in za ka iya kai biyu daga cikinsu gefe da ɗan bayan wurin zamanka, ka ja musu waya, kuma abin da kake kallo an naɗe shi da sauti mai tashoshi biyar. Karatu, wa'azi, labarai, waƙoƙi da yawancin abin da ake kallo a waya duk tashoshi biyu ne ko ɗaya. Doguwar lasifikar nan ta ƙarƙashin talabijin kuwa, ta fi lasifikar cikin talabijin nesa ba kusa ba, kuma ba ta cin wuri, amma ba za ta buɗe maka sauti hagu da dama kamar biyu da aka raba ba.

Lambobin da ke jikin kaya

Wat ɗin da aka rubuta PMPO a gefensa ka manta da shi, ba shi da wani ma'auni da kowa ya yarda da shi. Nemi wanda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Ga falo matsakaici, wat 30 zuwa 60 a kowane ɓangare ya wadatar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ninka wat ba ya ninka ƙara. Daga wat 50 zuwa 100 desibel uku kacal za ka ƙaru da shi (desibel, ko dB, shi ne ma'aunin ƙara), ɗan bambancin da kunne zai lura da shi kawai. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninku sai an ninka wat kusan sau goma.

Lambar da ta fi wat muhimmanci ita ce wadda ke nuna saurin amsawar lasifika, wato ƙarar da take fitarwa in an ba ta wat ɗaya an auna daga mita ɗaya. Za ka gan ta kamar 86dB ko 90dB. Lasifika mai 90 da aka ba wat 25 za ta yi ƙara daidai da mai 84 da aka ba wat 100. Saboda haka in amfilifayarka ƙarama ce, ko da inbata da sola kake amfani kana tattalin batir, nemi mai 88 zuwa sama.

Sai om, ma'aunin yadda lasifika ke tauye wutar da ke shigarta. Lasifikun gida yawanci om 8, 6 ko 4 ne, kuma yadda lambar ta yi ƙasa haka take ƙara jan wuta daga amfilifaya. Duba bayan amfilifayar, kusa da inda ake ɗaura waya, an rubuta mafi ƙarancin om ɗin da take ɗauka. Kada ka sauka ƙasa da shi. A nan ne ake yawan yin ɓarna: mutum ya ga yana da rarar lasifiku, sai ya murɗe wayoyin biyu ya cusa a rami ɗaya. Biyu masu om 8 da aka haɗa haka sun koma om 4, biyu masu om 4 sun koma 2. Amfilifayar za ta yi zafi, ta riƙa ɗaukewa, wata rana ta ƙone.

Ta ƙarshe ita ce iyakar amon da take iya fitarwa, misali 55Hz zuwa 20kHz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000 Hz. Lambar sama kusan kowace lasifika tana kaiwa, don haka ta ƙasa za ka duba. Wadda ta sauka 50 ko 60 za ta wadatar ba tare da wufa ba. Ƙananan nan masu kamar gwangwanin madara da ke tsayawa a 120 ko 150, dole sai da wufa.

A shago

Ko a Kasuwar Sabon Gari ta Kano kake, ko Alaba a Legas, ko wani shago a garinku, abu ɗaya ne: kada ka yarda a gwada maka da abin da mai shago ya zaɓa. Zai sa maka kiɗa mai duma ya ƙure murya, kuma a haka kowace lasifika tana burgewa na minti biyu. Je da abin da kunnenka ya sani a wayarka. Fara da muryar mutum, karatun wani makaranci da ka saba ji ko shirin rediyo, domin babu sautin da kunne ya fi sani kamar murya. Saurari “s” da “sh” da “ts”: suna fita tsaf, ko suna tsaga kunne, ko sun nutse? Sannan ka sa kiɗa mai kayan gargajiya. Kalangu yana da kyau wajen wannan gwaji, saboda amonsa yana hawa yana sauka. Lasifika mai kyau za ta bar ka ka bi hawan da saukar, marar kyau za ta mayar da shi bugu iri ɗaya. Ka ce a rage murya sosai, ka ji ko har yanzu ana fahimtar magana. A gida da ƙaramar murya za ka fi amfani da ita.

Ƙwanƙwasa gefen akwatin da gaɓar yatsa. In ya amsa kamar ƙofar katako mai kauri, madalla. In ya amsa kamar fanko, zai riƙa ƙara nasa amon a kan waƙar. Nauyi ma alama ce, duk da ba hujja ba ce.

Kayan tokumbo, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, sukan yi araha kuma akwai nagari sosai a cikinsu, sai dai a duba su da kyau. Cire ragar gaba ka kalli zoben da ya kewaye faifan. In na soso ne, shekaru da zafi suna cinye shi har ya riƙa marmashewa, ana iya canja shi amma a rage maka kuɗi. Sa yatsu a kewayen tsakiyar faifan ka danna a hankali, daidai wa daida. In ka ji yana gogar wani abu a ciki, koyil ɗin, wato naɗin wayar da ke bayan faifan, ya taɓa yin zafi, bar ta. Kara kunnenka kusa da ƙaramar lasifikar sama, wadda ake kira tuwita, ka tabbatar tana fitar da sauti a duka biyun, domin ita ce ke fara mutuwa. In akwai mitar masu gyaran lantarki a kusa, a auna om ɗin: mai om 8 takan nuna wajen 6, kuma biyun su zo kusa da juna.

Amfilifayar tokumbo kuma, karanta bayanta kafin kowa ya jona ta. Wutar Najeriya da Nijar 220 zuwa 240 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na 120 ne, na Japan 100. In an rubuta 120V kaɗai, sai da tiransifoma mai rage wuta, kuma ranar da wani a gida ya manta ya jona ta kai tsaye, ta tafi.

Waya da ɗaurinta

Ba ka buƙatar waya mai tsada. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5mm ta isa har wajen mita goma ga lasifika mai om 8. In tafiyar ta fi haka, ko lasifikar om 4 ce, ɗauki 2.5mm. Abin lura shi ne akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in cikin ya fito fari, ita ce. Tana aiki, amma sai ka ƙara kauri, kuma tana saurin karyewa a wurin ɗauri.

Kashe komai kafin ka fara. Feƙe bakin wayar kamar santimita ɗaya, ka murɗe silin su haɗu, kada ko ɗaya ya fito ya taɓa maƙwabcinsa. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a duka ɓangarorin biyu. Wayar tana da layi ko rubutu a gefe ɗaya don kada ka ruɗe. In ka juya ɗaya, babu abin da zai ƙone, amma faifan ɗaya zai riƙa turawa lokacin da ɗayan ke ja, sai duma ta zube, murya kuma ta rasa wurin tsayawa a tsakiya. In alamar ta goge a tsohuwar lasifika, cire ta daga amfilifaya ka taɓa wayoyinta biyu da batirin tocila mai 1.5 na ɗan lokaci kaɗan. In faifan ya turo waje, wayar da ke kan hancin batirin ita ce ja.

Daga talabijin, hanya mafi sauƙi ita ce ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC a gefensa, domin da shi rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙara murya da ragewa. In babu, yi amfani da wayar haske, mai ɗan murabba'in baki da jan haske a ciki. Idan ka haɗa ka ji shiru ko wani shuuu, shiga saitin sautin talabijin ka mayar da shi PCM, yawancin lasifiku masu tashoshi biyu ba sa fassara Dolby. Bluetooth ya yi daidai da sauraro daga waya, amma wajen kallo yakan sa magana ta zo bayan baki ya motsa.

Girkawa, inda aikin yake

Lasifika biyu da kanka su zama kamar duwatsun murhu, tazarar da ke tsakanin kowane biyu ta zo ɗaya. In kana zaune mita biyu da rabi daga gare su, su ma a raba su kamar mita biyu zuwa biyu da rabi, talabijin a tsakiya. Tun 1931 injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi rajistar dabarar sauti mai tashoshi biyu, kuma dabarar ba ta aiki sai sautin hagu da na dama sun iso kunne a lokaci ɗaya. Saboda haka yi amfani da tef ko igiya, kada ka auna da ido.

Tuwita ta zo daidai tsayin kunnenka a zaune, domin siririn sauti miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Wannan ya sa rataye lasifika can kusa da silin, kamar yadda ake yi a shaguna, kuskure ne a falo. In kuma gidanku a kan darduma aka fi zama, a jingina da tumtum, to sauko da su ƙasa-ƙasa, ko ka ɗan karkato fuskarsu ta kalli inda kai yake. In a kan kanta ko tebur za ka ɗora, jawo su gaba har fuskarsu ta zo daidai bakin katakon, ka sa ɗan roba ko soso a ƙarƙashi don kada teburin ya riƙa rawa. Kada ka kulle su a cikin kabad.

Tazara daga bango ita ke daidaita duma. Kusa da bango duma na ƙaruwa, a kusurwa ta fi ƙaruwa, amma ta zama mai kauri marar fasali. Fara da rabin mita daga bangon baya, musamman in lasifikar tana da ramin iska a bayanta. Sa waƙa ɗaya, ka matsar da su baya da faɗin tafin hannu, ka koma ka zauna ka ji, ka sake. Za ka kai wurin da dumar ta cika amma muryar ba ta yi kauri ba. Daga nan ka ɗan juyo fuskokinsu ciki su kalli kafaɗunka. In sauti ya yi kaifi da yawa, ka ɗan mayar da su waje.

Wurin zamanka ma lasifika ce ta uku. Mun saba jera kujeru a jikin bango, kuma nan ne duma ta fi taruwa. In da hali jawo kujerar da ka fi zama gaba ko da taku ɗaya ne. In ba hali, rataya labule mai kauri ko darduma a bangon da ke bayan kanka. Na gefe kuma ga dabara: zauna a wurinka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe, duk inda ka hango lasifika a cikin madubin, nan ne sauti ke fara dukan bango ya dawo maka. Nan ya kamata labule ko kantar littattafai ta kasance.

Wufa tana da nata salon. Ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka sa kiɗa mai duma a jere, sannan ka durƙusa ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. Yara za su yi maka dariya, ƙyale su. Inda ka ji dumar ta fito daidai, kowane bugu da nasa amon, nan za ka ajiye ta. In tana da abin murɗa mahaɗar amo, wato inda wufa ke karɓar aiki daga sauran lasifikun, fara da 80 Hz, shi ne abin da THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin sinima, ya tsayar kuma yawancin amfilifayoyin sinimar gida ke bi. Ga ƙananan lasifiku sosai ka haura 120. Makunnin 0 da 180 kuma, gwada duka biyun daga wurin zamanka ka bar wanda duma ta fi cika. Sannan ka rage muryarta har sai ka daina gane daga ina take fitowa.

Mai 5.1 ya sa ta tsakiya dab da ƙasan talabijin ko samansa, don daga ita magana ke fita. Biyun baya su zauna a gefe, ɗan bayan kafaɗa kaɗan, sama da kunne da kamar taƙi ɗaya ko biyu.

Wuta, zafi da ƙura

Dawowar wuta da ƙarfi ta fi komai kashe kayan sauti. Sa sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, kuma da an ɗauke wuta ka kashe soket. Kada ka bar amfilifaya a kunne lokacin tayar da janareta ko juyawa daga layi zuwa layi. Inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul, takan sa amfilifaya gurnani da zafi. Wani gurnanin kuma daga wayar dish yake shigowa ta dikoda: zare ta ka ji, in ya ɗauke ka gano mai laifi, kuma jona duka kayan a soket ɗaya yakan rage shi. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, murya a ƙasa.

Bar mata sarari kamar faɗin tafin hannu a sama. Ƙyallen adon nan da ake lulluɓa wa kaya saboda ƙurar hunturu yana da amfani, amma a yaye shi kafin a kunna. Ƙurar faifai da burushi mai laushi ake share ta, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba, tuwita kuwa kada a taɓa ta sam. In akwai yara a bar ragar gaba a rufe, ɗan tudun nan na tsakiyar faifai yana kiran yatsa.

Da ka ji sauti ya fara tsagewa, rage. Ƙaramar amfilifaya da aka ƙure ita ce ta fi ƙona tuwita, domin in ta kai iyakarta sai ta riƙa aika gurɓataccen sauti mai kaifi. Kunne ma yana da iyakarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, ka wuce. A gidan haya kuma ka tuna duma ta fi murya ratsa bango, don haka bayan isha'i wufa za ka fara ragewa, ka kuma ɗaga ta daga tayil da kafet ko roba.

Gwajin ƙarshe: mayar da maɓallan duma da kaifi tsakiya, ka sa muryar mutum ɗaya yana magana, ka zauna a wurinka ka rufe ido. Ya kamata ka ji shi a tsakiya, daidai inda talabijin take, kamar ba daga akwatunan biyu yake fita ba. In ya karkata hagu, ta hagun ta fi kusa da kai, tura ta baya kaɗan. In ya bazu ka rasa inda yake, koma ka duba ja da baƙi. Da ya tsaya a tsakiya, yanko salatif ka manna a ƙasa daidai kusurwoyin kowace lasifika, domin gobe da safe mai shara zai matsar da su.